Kafin Ka Tada Inji, Ɗana

 Labari ya iso mini cewa bana ba za ka bi sa'o'inka zuwa cirani ba, ka yanke shawarar zama gida ka kama lambu a fadama, har ka fara tambayar kuɗin injin ban ruwa a Funtuwa. Na ji daɗi ƙwarai, domin matashin da ya zaɓi ya sunkuya a kan fangali cikin sanyin hunturu maimakon ya je ya kwana a tashar wani gari yana tura baro, ya fahimci abin da wasu ba sa fahimta sai furfura ta fito musu. Sai dai ka yi haƙuri da ni in ɗan ja ka da magana, domin na lura duk tambayoyinka a kan inji suke, inci biyu ko inci uku, sabo ko na hannu, alhali inji shi ne mafi sauƙin abin da za ka mallaka a wannan sana'a. Kuɗi ke sayensa, makanike ke gyara shi. Abin da kuɗi ba ya saye shi ne zama lafiya da mutumin da lambunsa ke ƙasa da naka, kuma a kan wannan nake so mu tsaya.

Ka san ƙasarmu ta Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa ba ta cikin wuraren da ake kira busassu a jihar Katsina. Mu ne masu masara da dawa da auduga da waken suya, mu ne ake kawo wa motoci daga nesa a loda hatsi. Amma duk da haka daminarmu wata huɗu ce zuwa biyar, sauran watannin shekara kuwa sama a rufe take, kuma ita kanta daminar ba ta da alkawari. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 ba sa buƙatar a yi musu bayani, sun ga shuka ta tsaya tana ƙonewa a tsaye, sun ga shanun da aka saba alfahari da su ana sayar da su a kan kuɗin buhun dawa. Kakanninmu kuma sun bar mana labarin Kakalaba, yunwar 1914, wadda ko sunanta ba a son ambata da dare. A shekarun nan ma ka gani da idonka, ruwa ya sauka da wuri a yi shuka, sai ya ɗauke mako uku, ko kuma ya zo a haɗe ya kwashe taki ya wuce da shi rafi. Saboda haka mai lambu yana da rumbu na biyu, wanda in na farko ya gaza zai jingina da shi. Ƴan'uwanmu na Nijar sun gane haka da wuya, domin bayan farin 1984 ne gwamnatin Seyni Kunce ta tsaya tsayin daka a kan noman rani, har ya zama kowane gari mai tafki ko gulbi yana da lambunsa.

A zamanin iyayenmu da jigo ake ban ruwa, kuma ina jin ku ƴan yanzu ƙalilan ne cikinku suka taɓa riƙe igiyarsa. Gwafa biyu ake kafawa a bakin rijiya ko gaɓar rafi, a ɗora doguwar sanda a gicciye, a ɗaura curin laka ko dutse a gindinta, a rataya guga ko ƙwarya a kanta. Mai ban ruwa ya ja igiya ƙasa, guga ya nutse, nauyin lakar ya taya shi ɗagowa, ya juye a bakin hanyar ruwa, wani yaro kuma yana can da ƴar fartanya yana buɗe fangali ɗaya yana toshe wani. Haka za a yi tun asuba har rana ta take, kafaɗa na zafi, tafin hannu ya yi kanta. Aiki ne na wahala, ba kuma ina yi maka kwaɗayinsa ba ne. Amma akwai wani abu a cikinsa da ya kamata ka sani, wato jigo shi da kansa yana yi wa mutum iyaka. Komai zarin mutum ba zai ɗebi ruwan da ya wuce ƙarfin damtsensa ba, saboda haka ba kasafai ake jin wani ya shanye wa wani ruwa ba, kuma fadama takan kai bazara da sauran danshinta.

Daga baya abubuwa suka sauya. A 1975 aka kafa shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe, aka shigo mana da takin zamani da malaman gona da hanyoyin karkara. Cikin shekarun 1980 ƙananan injinan fetur suka fara yawaita, sannan a farkon shekarun 1990 shirin Fadama ya zo ya baza su ko'ina tare da ƴan rijiyoyin bututu. Ka taɓa tsayawa ka ga yadda ake huda irin wannan rijiya? Ana kafa bututu a tsaye a kan yashin fadama, a haɗa shi da mesa, a tada inji ya riƙa tura ruwa ta cikinsa da ƙarfi, ruwan yana wanke yashin da ke ƙasa yana fito da shi sama, maza biyu ko uku suna murɗa bututun suna danna shi, kafin la'asar an taras da ruwa. Abin da da can sai an yi kwanaki ana haƙa da yasa, ya koma aikin yini guda. Alheri ne babba, kada ka ji wani tsoho ya ce maka ba alheri ba ne, domin mutum ɗaya ya koma yana shayar da filin da goma ba sa iyawa da jigo, gidaje da yawa kuma da kuɗin tumatir da albasa suka yi rufin kwano suka aurar da ƴaƴansu.

To amma iyakar nan da jigo ke yi wa mutum, inji ya cire ta, kuma ba a maye gurbinta da komai ba sai abin da mutane suka yarda su ɗora wa kansu. Ga abin da ba a cika gaya wa sabon mai lambu ba: irin waɗannan injinan zuƙo ruwa suke yi, kuma zuƙarsu ba ta wuce zurfin mita bakwai zuwa takwas, komai sabuntarsu. A watan Nuwamba da Disamba ruwa yana kusa, kowa na murna. Da an shiga Maris, rana ta buɗe, kowane lambu yana neman ruwa ninki biyu, sai ka ji inji yana kuka yana tofar da iska. A nan ne za ka ga mutane suna haƙa rami kusa da bututu suna sauke injin a ciki domin ya ƙara kusantar ruwa, wanda ya fi zurfin rami ya ci gaba da sha, na kusa da shi kuma ya tsaya yana kallon albasarsa tana kwantawa saura mako uku a cire. Mutum yakan ɗauka tunda bututun a cikin gonarsa yake, da kuɗinsa kuma ya huda, to ruwan nasa ne. Ba haka ba ne, ɗana. Ruwan da ke kwance ƙarƙashin fadama ƙwaryar fura ɗaya ce, kowa da ludayinsa kawai, wanda ya cika sauri kuwa daga rabon ɗan'uwansa yake sha ko da bai ga fuskarsa ba.

A bakin rafi abin ya fi fitowa fili. Da ruwa ya fara ja baya, na sama yakan cika buhuna da yashi ya datse, ya tara wa kansa ɗan tafki, na ƙasa ya wayi gari ya tarar da laka. Na taɓa ganin wannan ya raba wasu maƙwabta biyu da suka tashi tare, iyayensu ma aminai ne. Na ƙasa ya bi dare ya yaye buhunan, na sama ya zo da asuba ya mayar, aka yi ta haka har wata rana suka yi kiciɓis a wurin, kowa da fartanya a hannu, ba don Allah ya kawo wasu masu wucewa ba da labarin ya zama wani. Mai unguwa ya zaunar da su, limami ya tuna musu hukuncin da malamai suka daɗe suna karantarwa, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke a kan ruwan kwari na Madina cewa na sama ya shayar har ruwa ya kai idon sawu, sannan ya sake shi ya wuce ga na ƙasa. Aka raba musu kwana, wannan yau, wancan gobe. Lambunan biyu duk suka tsira, amma gaisuwar da ke tsakaninsu ba ta koma yadda take ba, har yaran gidajen suka gaji abin. Ka ga kwana biyun da aka raba musu a gaban mai unguwa, da sun raba wa kansu tun farkon rani a kan tabarma ɗaya, da ba a yi asarar komai ba.

Za ka ji wasu na cewa maganin duk wannan shi ne gwamnati ta zo ta gina babban dam, ta ja hanyoyin ruwa na siminti, ta sa ma'aikata su riƙa rabawa. Ban ƙi ba, kuma wanda ya ga abin da ruwan Tiga ya yi wa Kadawa da Kura a ƙasar Kano tun daga shekarun 1970 ba zai raina dam ba. Amma ka riƙe wani tarihi a ranka. Gulbin Sakkwato daga nan kusa da mu yake tasowa, wajen Funtuwa, ya bi ta Gusau ya je Talatar Mafara, inda aka datse shi aka yi dam ɗin Bakolori da aka gama a 1978. An tsara aikin ne daga sama, ba a zauna da masu gonakin yadda ya kamata ba, wasu ruwa ya cinye musu gari da gona, wasu aka karɓe filayensu aka daɗe ba a biya su diyya ba, na can ƙasa da dam kuma ambaliyar da ke jiƙa musu fadama kowace shekara ta ragu. Da manoma suka tare hanyoyi suna neman haƙƙinsu, a watan Afrilun 1980 aka tura musu ƴan sanda, aka rasa rayuka masu yawa. Nan jiharmu kuma ga dam ɗin Zobe kusa da Dutsin-ma, an gama shi tun 1983, ya shafe shekaru da dama ruwa na kwance ba a ci moriyarsa yadda aka tsara ba. Ba don in zagi kowa na kawo maka waɗannan ba. Ina so ne ka gane ruwan da ba masu shan sa ke riƙe da ragamarsa ba, ran da ƙofa ta lalace ko hanya ta cushe da ciyawa, kowa zai naɗe hannu yana jiran a zo daga birni, birni kuwa yana da nasa uzurin. Shi ya sa ma a shekarun baya-bayan nan hukumomi da kansu suka koma suna kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa a Bakolori da Kadawa, suna miƙa musu kula da ƙananan hanyoyin ruwa.

Wannan ba a ƙasar Hausa kaɗai aka gano shi ba. Wata malama Ba'amurkiya, Elinor Ostrom, wadda aka ba kyautar Nobel a 2009, ita da abokan aikinta sun bi diddigin hanyoyin ban ruwa masu yawa a ƙasar Nefal, suka tarar da waɗanda manoma suka gina da duwatsu da itace suke kuma tafiyar da su da kansu, sau da yawa sun fi na hukuma masu siminti kai ruwa ga mutumin da ke can ƙarshen hanya. Dalilin kuwa mai sauƙi ne, na sama yana buƙatar hannun na ƙasa ranar yasa da gyara, saboda haka ba ya iya hana shi ruwa. A birnin Balansiya na ƙasar Sifen kuma, har yau duk ranar Alhamis da tsakar rana wakilan manoma kan zauna a ƙofar babbar majami'ar garin su yanke hukunci a kan rigimar ruwa, da baki, ba lauya ba takarda, kuma sun yi ɗaruruwan shekaru a haka. In ka duba da kyau, ba su fi mu komai ba sai ɗorewa, domin mu ma muna da gayya, muna da adashi, muna da sarkin noma da mai unguwa.

Saboda haka shawarata ita ce ka shiga ƙungiyar masu lambu ta fadamarku, in babu kuma ku kafa. Amma ka bambance ƙungiya da ƙungiya. Akwai wadda ake kafawa ranar da aka ji ana rabon taki ko inji, a tattara sunaye har da na waɗanda ba su san hanyar fadama ba, a yi hoto, a raba kaya, kowa ya kama gabansa. Mun ga irinsu da yawa a zamanin Fadama, kuma da kuɗin shirin ya ƙare ko allon sunansu ba a sake gani ba. Wadda nake nufi ita ce wadda za ta rayu ko da ba wanda ya taɓa ba ta ko sisi. Aikinta ƙanana ne masu gundura: wa zai sha ruwa yau, wa zai sha gobe, tazarar da za a bari tsakanin bututu da bututu, ranar da za a fito a yashe hanya, nawa kowa zai zuba a asusu bayan ya sayar da kaya, da tarar wanda ya saci ruwa cikin dare. Kada shugaba ya zama shi ne ma'aji, kada ma'aji ya zama shi ne mai rubutu, ko da kuwa duk mutanen kirki ne, domin raba hannu yana tsare mutumin kirki daga zargi kafin ma ya tsare kuɗi daga ɓarawo. A sami littafi guda, ko na ƴan makaranta ne, da boko ko da ajami, a riƙa karanta shi da ƙarfi a gaban kowa bayan sallar Juma'a sau ɗaya a wata, abin da ya shigo da abin da ya fita. Kuma in tara ta hau kan ɗan mai gari, a karɓa kamar yadda za a karɓa a hannun ɗan talaka, domin ranar da aka ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa, ranar dokar ta mutu, sauran sai jana'iza.

In an ba ka wani muƙami a ciki, ɗana, ka sa ran za a zage ka. Wanda ka hana ruwa a ranar da ba tasa ba zai ce ka yi girman kai, ɗan'uwanka na jini zai ce ka fifita bare. Ka haɗiye. Shekara biyu ko uku in suka wuce aka ga ba ka taɓa karkatar da ruwa zuwa naka fangalin ba, su da kansu za su hana ka sauka.

Sai maganar mai, wadda ita ce ke cinye ribar lambu a yanzu. Ka tuna 2021, lokacin da gwamnatin jiha, saboda matsalar tsaro, ta hana sayar da fetur a jarka, ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, aka kuma katse layukan waya a yankinmu. An yi ne domin a toshe wa ƴan bindiga hanya, amma mai lambu shi ma da jarka yake sayen mai, kuma ba ya iya ɗaukar gonarsa ya kai gidan mai. A irin wannan lokaci wanda ke cikin ƙungiyar da hukuma da masu gari suka san da ita yana da bakin da zai yi magana a saurare shi, wanda yake shi kaɗai kuwa sai dai ya bi ta bayan fage ya saya da tsada, yana kuma tsoron a kira shi mai kai wa daji. Sannan a ƙarshen Mayun 2023 aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a wurare da yawa kafin ƙarshen 2024. Shi ya sa yanzu hankalin kowa ya koma kan injin sola, kuma da gaskiyarsu. Kuɗinsa da nauyi a farko, amma mutum huɗu ko biyar masu maƙwabtaka da juna za su iya haɗa hannu su saya, su raba kwanaki, su kuma shirya wanda zai riƙa kwashe faifan sola zuwa gida da yamma, domin ɓarayi ma sun san darajarsa. Abin da nake jin tsoro game da sola guda ne. Mai injin fetur yana kashe inji da zarar fangali ya cika domin aljihunsa na ƙuna, mai sola kuwa ba abin da ke ƙuna, sai ya bar ruwa na zuba tun hantsi har la'asar. Ruwan da ya yi yawa yana wanke taki ya tafi da shi, yana ruɓar da saiwar albasa, a wasu filayen yana taso da kanwa ta yi fari a saman ƙasa, uwa uba kuma yana janye ruwan ƙasa tun kafin bazara ta yi nisa.

Kasuwa kuma wata makaranta ce. Kowa yakan dasa tumatir a mako ɗaya, saboda haka ya nuna a mako ɗaya, sai ka ga kwanduna jere a bakin titi a watan Fabrairu, dillali yana taya maka kuɗin da bai kai na kwandon da ɗaukarsa ba, kai kuma ba ka da ikon cewa a'a domin gobe ya ruɓe. Motocin da ke lodi zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas ba daga gare ku kaɗai suke ɗauka ba, ga Ɗanja, ga Kadawa, ga Zariya. A 2016 kuma tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta shiga gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina ta cinye su cikin kwanaki, waɗanda suka zuba duk jarinsu a tumatir kaɗai suka tashi da bashi. Saboda haka ka rarraba, ɗan tumatir, ɗan tattasai da attaruhu, albasa, kabeji, in sanyi ya kama da wuri ka gwada alkama a gefe, ka kuma bar wani yanki na ɗanyar masara wadda ba ta rasa mai saye. Albasa tana da haƙuri in an rage mata ruwa kafin cira aka kuma ajiye ta a rumbu mai shan iska, kuma da wannan haƙurin ne mutanen Galmi ta Nijar suka kai sunan garinsu har Abijan da Akara. Nan ma ƙungiya na da amfani, domin in kun yarda wasu su riga dasawa wasu su jinkirta, kun rage wa kanku cunkoso, kun kuma rage wa ruwa nauyi a lokaci guda.

Ke kuma ƴar'uwata da wannan magana za ta iso kunnenki, kada ki ɗauka zancen na maza ne. Kauɗar da kike yankawa kina shanyawa lokacin da tumatir ya yi araha, ita ce ke zama kuɗi da damina sa'ad da ɗanye ya gagari talaka, sai dai ki shanya a kan tabarma ko leda mai tsabta, ba a kan ƙasa ko gefen kwalta ba, domin mai saye yana ganin yashi yana rage kuɗi. Mata da yawa da kuɗin adashinsu ake sayen iri da taki da mai, amma ranar lissafi ba a kiransu. In kuɗinki ya shiga lambu, ki sa a rubuta shi a littafin nan da sunanki, ko da mijinki ne ko ƙaninki ke riƙe da fartanya. Ba rashin yarda ba ne, rubutu yana hana zumunci lalacewa. Kuma ki riƙa tambayar yaushe aka yi feshi kafin a kawo miki ganye ki zuba a tukunya, domin akwai masu fesa magani da yamma su tsinka da safe, su kuma wanke bututun feshin a rafin da yara ke wanka dabbobi ke sha. Wannan ba wayo ba ne, haƙƙin mutane ne, ɗana, kai ma ka ji.

Na bar magana mafi nauyi a ƙarshe domin ba na son ta, amma dole ce. Fadamar da kake shirin shingewa, tun kafin a haifi kakanka ita ce wurin da shanu ke sauka da rani su sha ruwa su ci ɗanyar ciyawa. Da inji ya yawaita aka nome ta har bakin ruwa, aka toshe mashaya, burtali ya tsuke har saniya biyu ba sa iya jerawa. Ban ce wannan ne ya haifar da masifar da muke ciki ba, abin ya fi haka yawa da zurfi, kuma ba wani uzuri ga wanda ya ɗauki bindiga ya kashe manomi a gonarsa ko ya kwashe yara daga makaranta, irin abin da muka gani a Ƙanƙara a Disambar 2020. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma garin da kasuwar shanunsa ta yi suna irin Sheme bai kamata a koya masa cewa manomi da makiyayi cinikin juna suke ci ba. Ko shirin Fadama da ya zo zagaye na biyu a 2004 sai da ya shigo da makiyaya da masunta cikin ƙungiyoyin, domin an ga abin da barinsu a waje ya jawo.

Saboda haka tun kaka, kafin kowa ya kafa shinge, ku nemi dagaci ya kira zama, a gayyato arɗon da kuka sani kuka san iyayensa. A taka a ƙafa a je a nuna inda mashaya take, a kafa alama a faɗin burtali, a faɗi watan da za a kwashe kaya a buɗe wa shanu su ci karan masara da ragowar ganye su bar muku taki. A kuma amince tun a ranar cewa in dabba ta yi ɓarna, mutum biyu daga kowane ɓangare ne za su je su kimanta a biya, ba mai lambu ne zai ɗaga adda a kan saniya ba, ba kuma yaro mai kiwo ne zai yanke hukunci da sandarsa ba. Abin da aka yanke a rubuta shi a littafin ƙungiya, dagaci ya sa hannu, arɗo ya sa nasa, kowane ɓangare ya riƙe kwafi guda.